Yadda Birkila Ya Gina wa Hedimasta Kafaɗa

Akwai wani birkila da duk layinsu ba mai tuna sunansa na gaskiya. Ƙaramin-Aiki ake ce masa, domin ba a taɓa kawo maganar wani aiki a gabansa ba, ko gyaran agogo ne ko cire haƙori, face ya taɓe baki ya ce, "Ai wannan ƙaramin aiki ne." Shi ya gina katangar bayan shagon Tela, wadda har yau take jingine da bishiya kamar mai gyangyaɗi. In an yi masa maganarta sai ya ce bishiyar ce ta matso.

Matarsa kuwa mai saƙa ce ta gaske. Da zaren ulu take saƙa suwaita, daga wuya take farawa ta gangaro har ƙasa, ba ɗinki ko ɗaya. Malaman makarantar firamaren da ke ƙarshen layi suka ba ta aikin suwaitar da za su ba Hedimasta kyauta ranar taron ban kwanansa, zai yi ritaya. Malamar da ta kawo aikin ta raɗa mata cewa in wannan ta yi kyau, suwaitar 'yan makaranta gaba ɗaya ita za a ba.

Ta gama saƙa wuya ke nan aka bugo waya cewa 'yarsu ta haihu a wani gari, kuma tana buƙatar uwa kusa da ita. Ta haɗa kaya a gurguje, ta zuba wuyan da zare da tsinken saƙa a wata jaka ta miƙa wa mijinta.

"Maigida, ka hau sama ka kai wa Maman 'Yan Biyu wannan. Na kira wayarta ba ta shiga. Ka ce ta ƙarasa mini, ga alama nan wuri huɗu na ɗaura da jan zare. Ta san sauran."

"Ki sa a ranki an kai."

"Kaiwa na ce, ban ce dubawa ba."

"Ke dai je ki gaishe mini da jikana."

Da zuciya ɗaya ya ɗauki jakar, sai dai hanyar matakala ta gaban shagon Tela ta bi, kuma Tela na zaune kan keken ɗinki, Mai Aski na kan benci yana jiran mai son aski. Suka tambaye shi me ke cikin jaka. Ya zaro wuyan suwaita ya ɗaga.

"Aikin Hedimasta ne. Wai sai an kai wa Maman 'Yan Biyu, kamar gidan ba kowa."

Gaskiya ne ya ɗan iya saƙa. Shekarar da ya faɗo daga kan gini ya karye a ƙafa, matarsa ta koya masa don ya daina damunta da surutu. Ya saƙa wani mayafin wuya da ya kai bakin ƙofa ya fita tsakar gida, saboda bai san yadda ake rufewa ba kuma ya ƙi tambaya.

Tela ya ce, "Wannan fa ba mayafin nan naka ba ne da aka miƙe kamar titi. Kafaɗa ce. Sai an yi ta ƙara ido tana faɗi a hankali."

"Ido kuma na me?"

"Madaukan da ke kan tsinke mana. Ba ido matarka ke ce musu ba?"

"Na sani, gwada ka nake yi. Kai Tela, ni da nake faɗaɗa gini daga tushe har bene na biyu? Kafaɗa ai rufin mutum ce. Wuya shi ne tsakiya, kwano ya gangaro ta ko'ina. Ƙaramin aiki ne."

Mai Aski ya ce, "To Allah ya sa akwai bishiya kusa da Hedimasta."

Wannan magana ita ta ɓata lamarin. Ƙaramin-Aiki ya mayar da wuya cikin jaka, ya juya, ya koma ɗakinsa ya rufo ƙofa.

Ya yi zagaye na farko lafiya, ya yi na biyu, sai ya ga abin yana tafiya a miƙe kamar bututu, ko maciji ma sai ya matse kafin ya shiga. Ya juya tsinke, ya leƙa ta ƙasa, bai ga ta inda ake ƙara ido ba. Da yamma ya ɓoye jakar ƙarƙashin gado ya hau sama hannu wofi.

Maman 'Yan Biyu na tsefe wa ɗaya daga cikin 'yan biyun kai. Bayan gaisuwa ya gyara murya.

"Wani abokina ne, matarsa ke koyon saƙa. Wai take tambaya yadda ake ƙara ido a kafaɗa. Na ce ai sananne ne, amma bari in ji ko ke ma kin sani."

"Baba, ai hanyoyin da yawa. Akwai a naɗe zare a kan tsinke kawai, shi ya fi sauƙi, amma yana barin huji, sai in ado ake so. Akwai a saƙa ido ɗaya sau biyu, ta gaba da ta baya, shi kuma yana barin ɗan ƙullutu. Wanda Yaya, matarka, ta fi so shi ne a ɗaga zaren da ke tsakanin ido biyu a murɗa shi, na dama ya karkata dama, na hagu ya karkata hagu, sai layin kafaɗa ya fito sumul."

"Daidai. Kin ci jarrabawa."

"Amma ka ce mata ta zaɓi ɗaya ta tsaya a kansa. A gefen alama kaɗai ake ƙarawa, kuma in an ƙara a wannan zagaye sai a bar na gaba ya huta."

"Huta? Zare ne ke hutawa?"

"Haka dai ake yi. Matar abokin naka ta zo mana in nuna mata."

"Ba ta fita. Ƙafa ke damunta."

Yana saukowa yana girgiza kai. A zaɓi ɗaya a tsaya a kansa, wai. Wane magini ne zai je aiki da cokalin gini kaɗai ya bar cebur da guduma a gida? Alama huɗu ce, hanyoyi uku aka faɗa masa, sai ya ƙago ta huɗu da kansa: a yanko guntun zare a ƙulla shi a jikin saƙa a mai da shi ido. Kowace kusurwa da fasaharta. Maganar hutu kuwa ya ce lalacin masu saƙa ne, shi ma'aikatansa ba sa hutawa sai an zuba linta. Kowane zagaye zai ƙara, in ya ga fili a tsakiya ma ya ƙara.

Sai maganar awo. Matarsa ta auna Hedimasta da ido ta riƙe a kanta, ta tafi da shi. Ƙaramin-Aiki ya ce shi ba ya gini sai ya ga fili. Washegari ya hango Hedimasta ya shiga kantin magani, ya bi bayansa da tef ɗin awo na ƙarfe, ya tsaya a layi dab da shi. Hedimasta mutum ne mai jiki, mai gilashi, wanda ko tari zai yi sai ya gyara tsayuwa. Birkila ya zaro tef a hankali ya ɗora daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Yana ƙoƙarin karanta lamba tef ɗin ya kufce, ya koma gidansa da gudu, ya ɗalle wa Hedimasta kunne a hanya.

Hedimasta ya dafe kunne da hannu ɗaya, aljihu da ɗaya.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Bangon nan nake dubawa, kamar ya tsage."

"Bangon yana bayana ne?"

"Ka tare shi ne, ranka ya daɗe."

Mai kantin ya fito ya raka shi har waje. Lambar da ya gani bai riƙe ba, amma ya ce ba komai, ya fahimci girman filin.

Aiki ya kankama. Ya daina zuwa wurin gini, ya ce wa mai gidan da yake yi wa katanga siminti na bukatar ya sha iska. Kafin a jima kafaɗa ta fara faɗi, har ta wuce faɗi ta fara lanƙwasa. Ta wajen naɗe zare huji ya jeru, ta wajen saƙa sau biyu ƙulluttai suka fito kamar ƙurajen zafi. Wajen murɗawa kuwa duk gefe ɗaya ya murɗa su, sai layin ya kama hanyar baya yana zagayawa. Tasa fasahar ta ƙulli ta bar gemu-gemun zare ko'ina. Jan zaren alama ya ga yana ɓata launi, ya cire su duka ya zubar.

Matarsa ta kira.

"Maigida, ka kai aikin?"

"Aiki yana hannun da ya dace."

"Yaya take ganin kafaɗar?"

"Kafaɗa ta yi kafaɗa. Ke dai ki kula da mai jego."

Tela da Mai Aski suka gaji da jiran labari suka zo dubiya. Suka same shi zaune a tsakar ɗaki, saƙa ta rufe masa cinya ta zubo ƙasa tana tattarewa. Tela ya ɗaga gefe ɗaya, ya saki, ya ɗaga wani.

"Wannan kabeji ne ko lema?"

"Ba a yi wa gini hukunci kafin a yi filasta."

Mai Aski ya zura yatsa cikin wani huji, ya zura biyu, ya zura hannu har gwiwa.

"Wannan fa?"

"Taga ce. Mutum mai jiki yana bukatar iska."

"To ai rigar sanyi ce."

"In sanyi ya shiga ta nan sai ya fita ta can. Kai aski ka sani."

Tela ya ce, "Ka ji tsoron Allah ka hau sama da abin nan tun da sauran lokaci. Matar nan ta yi shekaru tana gina sunanta."

"Suna zan ƙara mata. Bayan taron nan sai an riƙa layi a ƙofar gidan nan."

"Za a yi layi kam," in ji Mai Aski.

Zaren da aka tanada don suwaita sukutum ya ƙare tun bai kai hammata ba. Ya je kasuwa da guntu a aljihu, mai zare ya ce wannan ruwan tokar ya ƙare sai mai ɗan duhu. Ya saya. Shi ma ya ƙare, ya jawo tsohon mayafinsa mai launin ƙasa ya warware. Da ya ga faɗin ya isa ya rufe teburin cin abinci, hankalinsa ya ɗan tashi, ya ce to tunda an ƙara sai a rage. Ya dinga haɗa ido uku uku, huɗu huɗu, yana saƙe su wuri ɗaya, har jiki ya tsuke ya koma kamar bakin tulu. Wajen raba hannuwa ya nemi alamun da ya zubar bai gansu ba, sai ya rufe ido ɗaya ya hanga, ya sa hannu ɗaya nan, ɗaya can.

Ya gwada wa tukunyar gas, kafaɗa ta zube har ƙasa. Ya jiƙa ta da sitaci ya bi ta da dutsen guga, wuri ɗaya ya ƙone ya yi ƙauri, amma ba ta tsaya ba. Ya zauna ya yi tunani irin na magini: abin da ya ƙi tsayuwa, rodi yake nema. Ya ɗauko wayar ɗaure rodi ya zura ta zagaye da kafaɗa, ya lanƙwasa bakin. Nan take ta tsaya cak, ta buɗe kamar faranti. Ya ja da baya ya dube ta, ya ce shi kansa wani lokaci yana ba kansa mamaki.

Ranar taro da safe ya naɗe ta cikin takardar siminti, ya bi da takardar kyauta mai ƙyalli, ya ɗaure da igiya. Malama ta zo karɓa, ta ga ƙunshi kamar an naɗe tayar keke.

"Baba, bari in ɗan duba mana."

"Mai aikin ta ce kada a buɗe sai a gaban jama'a. Iska na ɓata sabon ulu."

Zauren taron makaranta ya cika. Malamai a gaba, iyaye a baya, yara a ƙasa sun tanƙwashe ƙafa. Tela da Mai Aski sun rufe shaguna sun zo da wuri sun kama kujerun da ba abin da zai tare musu. Ƙaramin-Aiki ya sa rigarsa ta fita. Yana zama ya ga matarsa ta shigo da jakar tafiya a hannu, daga tasha ko gida ba ta biya ba. Ta hango Maman 'Yan Biyu ta nufe ta da fara'a.

"Sannu da ƙoƙari, ƙanwata. Na bar ki da aiki."

"Wane aiki, Yaya?"

Matar ta juyo a hankali ta nemi mijinta da ido. Shi kuwa ya dage yana kallon silin, yana duba ko ya tsage.

Aka yi jawabai, aka yabi Hedimasta har ya cire gilashi ya goge. Sai Malama ta ɗauko ƙunshi ta ce wannan kyauta ce daga malamai, kuma aikin hannun wata baiwar Allah ce da ke zaune a nan, wadda duk layin nan an san saƙarta. Ta nuna matar birkila, aka fara tafi.

Tafin nan ne Ƙaramin-Aiki ya kasa jurewa. Shi ya bar aikinsa, shi ya sha korar mai kantin magani, shi ya sadaukar da mayafinsa, sannan a tafa wa wadda ke can tana wasa da jariri? Ya miƙe, ya ratsa yara, ya karɓe makirufo daga hannun Malama.

"Jama'a, a yi gyara. Uwargida wuya kawai ta saƙa ta yi tafiya. Daga wuya zuwa ƙasa, kowane ido, ni ne nan. Ba wanda ya taya ni, ba wanda ya koya mini. Fasaha huɗu na zuba a kafaɗar nan, ɗaya ma ni na ƙago ta. Duk mai so ya same ni bayan taro."

Hedimasta ya dube shi ta saman gilashi.

"Kamar na san fuskar nan."

"Mai duba bango ne, ranka ya daɗe. Bisimilla, a gwada."

Aka kwance igiya. Wayar da aka danne ta samu sarari, suwaita ta buɗe da kanta ta ture kofin ruwa daga kan tebur. Hedimasta mutum ne mai kunya da cika alkawari, an ce kyauta ce, yara kuma suna kallo, sai ya cire kwat ya sunkuya. Kansa ya fara fitowa ta taga. Aka ja da baya aka sake, ya fito ta wuya, wuyan kuwa ya zauna masa daram. Daga nan abin ya rikice. Kafaɗa ta tashi ta kewaye masa kai har kunne, fuskarsa a tsakiya kamar an ɗora ta a faranti. Hannun dama ya samu hanya ta tsakiyar ƙirji ya miƙe gaba kamar zai gaisa da wani. Na hagu ya bi ta baya, ya maƙale can kusa da kafaɗa. Ƙasan rigar da aka tsuke ya kama shi a ciki ya ƙi sauka, ya ƙi hawa.

Wata ƙaramar yarinya a sahun gaba ta ce, "Hedimasta ya zama fulawa."

Dariyar da iyaye ke dannewa ta ɓalle. Malamai suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Mai Aski ya zame daga kan kujera.

Ƙaramin-Aiki bai saki makirufo ba. "Sabon gini sai ya zauna. Ranka ya daɗe, ɗan girgiza jiki."

Hedimasta ya girgiza. Ƙulle-ƙullen fasaha ta huɗu suka fara kwancewa ɗaya bayan ɗaya, wani ɓangare na kafaɗa ya zube ya rufe masa fuska, bakin waya ya fito ya soke shi a ƙeya.

Daga cikin ulu aka ji muryarsa, a natse kamar yana karanta sanarwa. "A fitar da ni daga cikin abin nan."

Malamai biyu suka ja ta sama, Hedimasta ya ce numfashinsa. Suka ja ta ƙasa, ya ce kunnensa. Birkila ya ce a ba shi guduma da ɗan lokaci. Tela ya taso da almakashinsa, da ma da shi ya zo, ya ce tun ranar da ya ga aikin ya san za a neme shi. Ya fara daga ƙasa yana yankawa, da ya kai waya almakashi ya ƙi ci, sai da aka aika aka karɓo filaya wurin mai gadi.

Matar birkila ta jira har almakashi ya kusa wuya. Sannan ta taso.

"Tela, tsaya nan. Wannan nawa ne."

Ta zare wuyan daga kan Hedimasta a hankali. Ya ja numfashi, ya mayar da gilashi, ya karɓi wuyan ya jujjuya shi, ya dubi tsibin da ke ƙasa.

"Wannan ke kika yi, wancan shi ya yi?"

"Ai ka ji daga bakinsa, ranka ya daɗe. Da lasifika ma."

"Na ji, kowa ma ya ji. Ki ƙarasa mini ita da hannunki, ba gaggawa, ritaya na yi. Malama, aikin yara ma ita za a ba, amma a rubuta cikin sharaɗi cewa mijinta ba zai shiga ɗakin da zaren yake ba."

Ƙaramin-Aiki ya buɗe baki zai yi bayani, mai kula da na'ura ya zare wayar makirufo.

Da yamma duk wanda ya bi ta gaban shagon Tela ya ga birkila zaune kan benci, hannuwa biyu a miƙe gabansa, an rataya musu zaren da aka warware, matarsa na gefe tana naɗewa. Ta ce ɗaki ba haske, nan za a yi, kuma ba mai tashi sai an gama. Mutane suka riƙa rage tafiya suna gaishe shi da aiki, wasu ma suka je suka dawo.

Mai gidan da ya bar wa katanga rabi ya zo wucewa ya tsaya.

"Birkila, ashe nan kake. Me ake yi haka?"

"Koya mata nake yi yadda ake warwara. Ba kowa ya iya ba."

Matar ba ta ɗago kai ba. "Ɗaga hannun hagu, malamina. Akwai ƙullinka guda a nan, da haƙori za ka kwance shi."